Musayar waƙa a fadarmu ta Tawa: Sufeto ɗan wa?

Ɗan Ader:
'Yan fada, kun ga kashin daren jiya na wasan kwaikwayon da muke kallo. Tun farkon shirin an ce mana Inna riƙon Sufeto ta yi, lokacin yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari. Jiya ya sa wa Alhaji mai sumogar fetur ankwa, sai Alhaji ya ce: "Je ka tambayi Inna wa ya yanka ragon sunanka." Nan anka yanke. Amsa da waƙa kawai.

Ni na ce ɗan Alhaji ne,
Ku dubi goshi, iri guda ne,
Tafiyarsu duk da ɗingishi ne,
Abin ga ba shakka gado ne.

Hajiya Ta-Konni:
Ɗan Ader, ka yi gyangyaɗi jiya,
Ɗingishin Alhaji ba na zuriya,
Harsashi ya ɗauka a kan hanya,
Da dare tsakanin Konni da Illela ta Najeriya,
Harsashi na bin jini? Faɗi gaskiya.

Ɗan Ader:
Hajiya, ke kin san hanyar jarka,
Mutanen Konni ku ke da harka,
Ko ba fitila kun san ta, ba shakka,
Mu nan Tawa sai mu ce muku barka.

Mai Albasa:
Ku bar batun ƙafa, ku dubi Inna,
Tun kashin farko ba ta kama suna,
"Wancan" take cewa, ko "mai aikin rana",
In ya shigo ɗaki ba ta zauna,
Sai ta ja mayafi ta koma zana,
Kunyar ɗan fari ce, ku tuna,
Mai riƙo ba ta haka, ku auna.

Zabiya:
Allah ya ja kwana, Mai Albasa! Galmi ba albasa kaɗai take fiddawa ba. Ɗan Ader, koma ka hura gawayin shayi.

Ɗan Ader:
Zabiya, an ce waƙa kawai. Kuma kowa ya san Mai Albasa ƙanen mijinki ne.

Mushe:
Ɗan Ader, "ne, ne, ne" har sau huɗu,
Kukan akuya ne, ba ƙwar huɗu,
Hajiya, ɗangonki ya yi gudu,
Na huɗun ya bar sauran can kudu.

Hajiya Ta-Konni:
Mushe, nan ba lakwal ba ce, aje alli,
Muna neman uban Sufeto da asali,
Kai kana ƙirgar gaɓa babu dalili,
Ka haɗa huɗu da huɗu, ina hankali?

Mushe:
Maimaita kalma da gangan salo ne, Hajiya. Ɗangonki na Illela gaɓa goma sha bakwai, na farko goma. Ki ƙirga da yatsa.

Zabiya:
Yatsun nata na kan tuwo.

Mushe:
To ta ƙirga bayan ta wanke hannu.

Ɗan Abijan:
Ku yi haƙuri, sai yanzu na samu rezo.

Mai Albasa, Inna uwa ce, na yarda,
Amma batun uba ne ba mu shaida,
Shekarar El-Buhari gero ya yi wuya a gida,
Najeriya ta rufe iyaka, mai jarka ya samu riba ya daɗa,
Mazan Ader sunka yi Abijan neman abin sayarda,
Uban yana cikinsu, bai komo ba, ko takarda,
Mai kuɗi ya ba da rago, shi ke nan fa'ida,
Yanka rago ba haihuwa ba ne, ku bar ruɗa.

Ɗan Ader:
Ɗan Abijan, kai ma tafiyar ka yi,
Shi ya sa kake kare mai gudun ɗawainiya da ɗawayi.

Mushe:
"Ɗawayi" ba Hausa ba ce. Kuma Ɗan Abijan ya haɗa "da" da "ɗa" a baiti guda.

Hajiya Ta-Konni:
Mai fada, don Allah a fid da Mushe har a nuna kashi na gaba.