Abin da masu gyaran Camaro ta 1969 suka fi jaddadawa

Da aka tattauna yadda za a farfaɗo da tsohuwar Chevrolet Camaro ta 1969 har ta yi gogayya da motocin yau, bakin masu gyaran a Amurka ya zo ɗaya kan abu guda: a fara da tsatsa. A ɗaga motar, a duba daɓenta, bayan tayoyi da gindin gilashi, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a yi walda kafin a taɓa fenti. Nan kuɗi ke zurarewa, kuma fenti mai ƙyalli yakan ɓoye ɓarna mai yawa.

Bayan haka sai birki. Da yawa daga cikin motocin sun fito da birkin ganga ne, don haka a sa na faifai, a sabunta wayoyin lantarki da lagireto.

Inji ne ya jawo gardama. Wasu sun ce a ɗora injin zamani da ake kira LS3, mai lita 6.2, ƙarfin doki 430, a huta da wahalar kabureta. Wasu suka ce in injin asali ne a jikinta, cire shi na karya mata daraja a kasuwa. Ni dai hujjar na biyun ta fi gamsar da ni: in ma an cire, a adana shi.