Ina son in kai ɗalibaina gandun dajin Dindir, ta ina zan fara?

Malamar Mai Wurno:

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Ina koyar da kimiyya da jugrafiya a aji shida, a makarantar 'yan mata a nan Mai Wurno, ƙasar Sudan. Makon jiya muka zo darasin namun daji. Na rubuta a allo cewa an kafa gandun Dindir a 1935, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 10,000 ne, yana kan iyakarmu da Habasha. Yara suka kwafa tsaf. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaza, ke kin taɓa ganin ɓauna?" Ban taɓa ba. Shekara goma sha ɗaya ina karantar da wannan darasi, gandun yana cikin jiharmu ta Sinnar, amma ban san shi ba sai a takarda. Abin ya tsaya min a rai.

Wanda ya taɓa kai ɗalibai ya taimaka min: wa ake neman izini a wurinsa, wane wata ya fi, kuma me malami zai samu a can da zai dawo da shi aji?

Tsohon ustaz daga Sinja:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Na kai ɗalibai sau biyu kafin in yi ritaya. Izini a hannun 'yan sandan kula da namun daji yake, ki fara da ofishinsu na garin Dindir, da takarda daga hukumar ilimi. Ba a shiga sai da jami'insu a cikin mota. Lokaci kuwa rani ne, daga Disamba zuwa Afrilu. Da damina kada ma ki sa a rai, kin san baƙar lakar ƙasarmu, lori na nutsewa har gindi.

Amma shawarata, ki fara zuwa ke da malamai uku ko huɗu, ba yara. Karo na farko na kwashi ɗalibai ban san wurin ba, duk tambayar da suka yi sai in juya in kalli jami'i. Karo na biyu na riga su da kwana biyu a sansanin Galagu da ke cikin gandun, na zauna da littafi ina rubuta abin da masu gadin dajin ke faɗa. Waɗannan mutane su ne littafin da ba mu da shi. Ɗayansu ya durƙusa a bakin ruwa ya nuna min sawun zaki da na kura, ya ce in duba farce: na kura yana fitowa a ƙasa, zaki kuwa yana ɓoye nasa in yana tafiya.

Babban darasin shi ne maya. Kogin Dindir daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, ya cika ya batse da damina, da rani kuma ya koma yashi sai 'yan kududdufai. In ya yi ambaliya, ruwa kan cika tsoffin hanyoyin da kogin ya bari da ƙananan kwari, shi ne ake kira maya. Daji duk ya bushe, maya tana riƙe da ruwa da ɗanyar ciyawa, don haka kowa can yake zuwa: ɓauna, gwambaza, kwanta-rafi, gadu, gwaggon biri, ga gauraka da kwasakwasa da borin tinke. Zaki kuma yana kwance a gefe yana jira. Ki zaunar da yara awa ɗaya da asuba su ƙirga abin da ya zo shan ruwa, kin gama koyar da wa ke cin wa, ba da alli ba.

Ɗan bakin Rahad:

Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni ƙauyenmu yana kusa da iyakar gandun, kuma ina da ƙorafi ɗaya a kan yadda ake koyar da shi. Littafi yana nuna makiyayi da mai saran gawayi da mai cin zuma kamar su ne abokan gaba. Yaya Malama, cikin ɗalibanki akwai 'ya'yan waɗannan mutane. Ki gaya musu gaskiya duka: manyan gonakin dawa da riɗi na tarakta sun cinye makiyaya a kewaye, shanu suka rasa wurin zuwa sai cikin gandun. Wutar daji da farauta kuwa ɓarna ce, kakanninmu sun ga raƙumin dawa a nan, mu ba mu gan shi ba. Yaro ya ji duka biyun.

Sannan batun tsaro. Yaƙi ya ratsa Sinja da garin Dindir a 2024. Kada ki ɗauki 'yar kowa ki hau hanya sai hukuma da iyaye sun amince a rubuce.

Malami a Wad Madani:

Ustaza, kafin hanya ta samu, ki kawo Dindir cikin aji. Itatuwan can suna bayan makarantarku: goriba, aduwa, tsamiya, da dushe wanda Larabawa ke kira ɗalh. Ni nakan sa kowane yaro ya kawo ganye da 'ya'yan itace, mu manna a kwali, mu rubuta sunan da Hausa da Larabci. Sunayen Hausa daga bakin kakanni za su zo, kuma za ki sha mamakin abin da tsofaffi mata suka sani na magani.

In akwai waya mai intanet, buɗe Google Earth ki bi kogunan Dindir da Rahad daga Habasha har inda suka zuba a Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu. Mayoyin suna fitowa fili. Ki gaya musu UNESCO ta amince da gandun a matsayin wurin kiyaye halittu a 1979, aka kuma sa shi cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayoyin duniya, a 2005, saboda waɗannan mayoyin da tsuntsayen da ke sauka a kansu daga ƙasashe masu nisa. Ki kuma nemi 'yan Ƙungiyar Kare Muhalli ta Sudan, sun daɗe suna aikin wayar da kai.

Malamar Mai Wurno:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi magana da malamai biyu, za mu rubuta takardar neman izini mu nufi watan Janairu in hanya ta yi kyau. Ƙanena na Rahad, maganarka ta shige ni, uku daga cikin 'yan ajina iyayensu makiyaya ne. Ranar Lahadi zan fara da ganyaye. Yarinyar da ta yi min tambayar ta ce kakanta ya yi kiwo a wajen Dindir yana saurayi, na aika a roƙe shi ya zo ya ba ajin labarin ɓauna.