Alternate host: madadi, zango ko masauki?

Jama'a masu harkar gona da masu fassara ku zo mu kashe wannan magana. Na ga ana rubuta "madadin masauki" a matsayin Hausar alternate host, wato shuka ta biyu da wasu cututtukan shuka ke bi ta kanta kafin su koma kan ta farko, ni dai bai zauna min ba, don madadi abu ne da ake ɗauka in an rasa na ainihi, irin wannan cutar kuwa ba zaɓi take ba, dole ce ta bi ta shuka biyun kafin rayuwarta ta zagayo.

Ku ɗauki cutar tsatsa da ke cin itacen farin fayin (white pine) a Amurka, Cronartium ribicola. Ƙurar da ke tashi daga kumburin jikin fayin ba ta iya kama wani fayin ɗin kai tsaye, sai ta sauka kan ganyen Ribes, wasu ƙananan itatuwa masu 'ya'ya, ta hayayyafa can sannan ta dawo. Shi ya sa a 1911 gwamnatin tarayyarsu ta hana noman Ribes ɗin, ba a ɗage ba sai 1966. Kuma masana ba zato suke ba, kwaso ƙurar suke su barbaɗa a ganyen shukar da suke zargi cikin ɗakin gwaji su jira ko ƙuraje ruwan ɗorawa za su feso a bayan ganyen, a haka a 2006 aka tabbatar wasu tsirran daji, Pedicularis da Castilleja, ma na ɗauke ta, bayan shekaru ana ɗora wa Ribes laifi shi kaɗai.

Kar ku ce ina ruwanmu da fayin a Daura, tsatsar gero ma haka take, dangin gauta da yalo ne ɗaya gidan nata.

Wani yayanmu malamin gona ya ce a sa "zango", kamar na fatake, a yada a huta a wuce. Ranka ya daɗe ta yi daɗin baki kam, mu da ke da Zango a maƙwabta, amma cutar ba hutawa take a can ba, aiki take tana ƙara yawa.

Ni na tsaya kan "masaukin karɓa-karɓa". Tana da tsawo na sani, amma manomi na ji zai gane yau nan gobe can. Masu shirin noma a rediyo ku gwada furta ta mu ji ko tana shiga kunne.