Kan garmahon mahaifina: gyara aka yi ko ɓarna?

Mai garmaho: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini garmaho mai aiki da lantarki, ƙirar Ingila ta ƙarshen shekarun 1950, mai injin kamfanin BSR da bawul ɗaya tak, wato kwan gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti. Da na fito da shi daga ɗakin shirgi na kunna, faifai yana juyawa amma ba a jin komai sai an kara kunne kusa da allura. Na kai wa wani mai gyara, ya cire kan na asali, wato ɗan abin da ke riƙe da allura yana mai da motsinta lantarki, ya jefar, ya maye gurbinsa da na seramik, kuma yanzu ko an murɗa shi har ƙarshe muryarsa kamar ta mai jinya. Ni dai a ganina masu gyara sun ƙare, saura masu cirewa da sakawa.

Tsohon mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam, ɗana. Kan da aka cire maka kiristal ne, kuma abin da ke cikinsa gishirin Rochelle ne, wanda ke haifar da lantarki idan allura ta motsa shi. Gishirin nan yana narkewa da laimar damina, yana bushewa ya zama gari da hunturu, zafin da ya kai digiri 55 a ma'aunin Celsius kuma yana kashe shi gaba ɗaya, balle a ɗakin da ke ƙarƙashin kwano. Na sha buɗe irinsa in tarar da farin gari da waya ta yi kore. Kuskuren mutumin naka shi ne bai lura cewa kiristal yana ba da volt biyu zuwa uku ba, seramik kuwa da wuya ya wuce ɗaya, bawul ɗaya kuma ba zai cike wannan giɓi ba.

Malamin makaranta: Baba, a gafarce ni, amma tun farko an ɓata suna. Garmaho shi ne wanda ake wa wani da hannu, mai allurar ƙarfe da ake sauyawa bayan kowane gefen faifai. Abin da ke da filogi da bawul ba garmaho ba ne.

Mai garmaho: Malam, a gidanmu garmaho muke ce masa tun ina yaro, kuma ba suna na kawo ƙara ba.

Mai tara tsofaffin faifai: Malam bai yi daidai ba. An fara ɗaukar sauti da lantarki a 1925, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare ana sayar da kai mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a hannun garmaho a haɗa shi da rediyo, allurarsa kuma ta ƙarfe ce, faifan ma mai juyi 78 a minti ɗaya ne. Shin filogi ne zai sauya masa suna? Wannan kai ne ma ya cancanci a ce ana gyarawa, domin cutarsa sananniya ce: robar da ke riƙe da ƙarfen allura tana ƙandarewa, ƙarfen ya karkata ya manne a gefe ɗaya, sauti ya riƙa karkarwa. Sai a kankare tsohuwar robar, a yanka sabuwa mai taushi, a daidaita ƙarfen a tsakiya, a auna naɗin wayar da mita a ga ko ya tsinke. Kiristal kuwa kayan araha ne tun asali.

Tsohon mai gyaran rediyo: Alhaji, kan da kake yabo nauyinsa a kan faifai yakan wuce giram 100, kuma shi ya cinye rabin faifan da kake tarawa. Ka kuma manta ka faɗa musu cewa idan aka zare maganaɗisun ba a gitta masa ƙarfe a baki ba, ƙarfinsa raguwa yake yi.

Mai tara tsofaffin faifai: Allura da aka maimaita ce ke cin faifai, ba nauyi kaɗai ba. Ku masu shago ne kuka saba ɗora wa tsohon kaya laifi domin ku sayar da sabo.

Malamin makaranta: Har yanzu babu wanda ya kawo mini hujja cewa Bahaushe ya taɓa kiran na lantarki garmaho, in ban da "a gidanmu".

Wata Hajiya: Malam, mu ma a gidanmu haka muke cewa, ga gidaje biyu ke nan. Ina dai roƙon mai garmaho kada ya taɓa wayoyin kan da yatsa don gwaji, kamar yadda wasu ke yi su ji ko lasifika za ta yi gurnani, domin da yawa daga masu bawul ɗaya ba su da taransifoma, kuma ƙarfen cikinsu yana iya ɗaukar wuta kai tsaye.

Shugaban zaure: To, jama'a, mu taƙaita. An tabbatar cewa kai mai maganaɗisu shi ne nagartacce, kamar wanda ni ma nake amfani da shi, kuma kiristal ba abin a yi wa kuka ba ne. Batun suna an bar shi yadda Alhaji ya faɗa. Mai garmaho ya yi haƙuri.

Mai garmaho: Ranka ya daɗe, ban ga inda aka tabbatar da haka ba. Baba, idan aka ƙara wa seramik ɗin ƙaramar na'urar ƙara sauti kafin bawul, muryar za ta dawo, ko sai na nemi wani kan mai ƙarfi irin na da?

Malamin makaranta: Ni ma ban janye ba.