Jita: ta yaya ake fita daga salo guda a koyi wasu?

Na-Mabera:
Assalamu alaikum. Ina da jita irin ta katako mai tsirkiyar ƙarfe. Na iya kod (wato sautuka da ake kaɗawa tare) na C, G, F da Am, ina sauya su ba gargada. Matsalar ita ce duk abin da na kaɗa iri ɗaya yake fitowa. Ina son kiɗan Azbinawa irin na Agadas, da rege, da hailaif. Da wanne zan fara, kuma mi ya raba su a hannu?

Baban Tsirkiya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, hannun hagunka ya yi karatu, na dama ne bai shiga makaranta ba, kuma salo a hannun dama yake. Fara da na Azbinawa, don kunnenka ya riga ya san shi. Sauti biyar ne ginshiƙinsa, kamar yawancin kiɗan molo da gurmi, kuma ba a yawo tsakanin kod, a gida ɗaya ake zama.

Ajiye 'yar robar kaɗi. Babban yatsa ya riƙa bugun tsirkiya ta biyar (daga mafi siriri ake fara ƙirga) a sake, ba a danne ta ba, wato A, bugu ɗaya kowace ƙirga, ba tsayawa. Manuniya ita ke waƙa a ƙananan tsirkiyoyi: ta ɗaya da ta biyu a gaɓa (wato wurin dannawa tsakanin ƙarafan wuyan jita) ta 5 da ta 8, ta uku a gaɓa ta 5 da ta 7. Sa metronom na waya, wato manhajar da ke riƙe ƙirga, a bugu 60 cikin minti, ka yi mako guda babban yatsa kaɗai kake kaɗawa, har ka iya hira da mutum bai rikice ba. Sannan ka shigo da manuniya. Inda kowa ke faɗuwa: da manuniya ta motsa sai babban yatsa ya tsaya kallo. In haka ta faru, rage sautukan waƙar zuwa biyu, kar ka rage bugun babban yatsa.

Wancan karkarwa da kake ji kamar muryar goge, ba kaɗa tsirkiya ake yi sau da yawa ba. Sau ɗaya ake kaɗawa, yatsan hagu ya faɗa kan gaɓa ta gaba da ƙarfi ya janye da sauri.

Ɗan Illela:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: da yawan makaɗan Nijar da Mali suna ɗaga tsirkiya ta shida daga E zuwa G, ita ke zama gangarsu. In ka yi haka, gidanka ya koma gaɓa ta 3 da ta 6.

Baban Tsirkiya:
Gaskiya ne, amma ka duba kaurin tsirkiya tukuna. Ɗaga E zuwa G ja ne mai yawa. Da saitin tsirkiya siriri mai lamba 10 babu damuwa sosai, da mai lamba 12 ko 13 tana iya tsinkewa, ko ta riƙa ɗaga katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai. Mai koyo ya zauna kan A tukuna.

Gawon Nama:
Malam Na-Mabera, rege kuwa rabinsa shiru ne. Ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka bugi biyu da huɗu kawai, gajeren sara a tsirkiyoyi uku na ƙasa, wato ƙananan. Da ka sara sai ka sassauta yatsun hagu ba tare da ka ɗauke su ba, sautin ya mutu nan take. Shi ya sa Am ɗin da ka sani ba zai yi ba, tsirkiyoyin da ke sake za su ci gaba da kuka. Koma Am na gaɓa ta 5, manuniya kwance a kan uku na ƙasa.

Hailaif daga Ghana ya fito, kuma C, F da G ɗinka sun isa. Daɗinsa a tsirkiya biyu tare ne. Gwada ta uku da ta biyu: 5 da 5, sai 7 da 6, sai 9 da 8, ka dawo. Amma kar ka haɗa salo ukun lokaci guda. Ba kowanne kamar wata biyu, minti 20 kullum, ba awa uku ranar Lahadi ba.

Mai Gyara:
Kafin duk wannan, auna jitar. A gaɓa ta 12, tsakanin ƙarfen gaɓar da tsirkiya mai kauri kada ya wuce milimita 2.5 zuwa 3. In ya wuce, faɗa da janye ɗin da Baba ya ce ba zai yi ƙara ba, sai ciwon yatsa.

Ga kuma hunturun Sakkwato. Katakon jita yana son laimar iska kamar kashi 45 zuwa 55, tamu kuwa faɗuwa take ƙasa ƙwarai. Katako ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito suna karce hannu, tsirkiya ta kama zuza, wani lokaci fuskar ta tsage. Samo soso, jiƙa shi ka matse sosai, sa shi cikin gidan sabulu da aka huda, ka rufe su tare cikin jaka, kana sake jiƙawa bayan kwana biyu ko uku. In bazara ta shigo, kar ka bar ta cikin mota ko jikin kwano, zafi na sassauta gam.

Na-Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Na auna, milimita 4 ne. Sai a murɗa ƙarfen cikin wuya?

Mai Gyara:
A'a, shi lanƙwasar wuya yake gyarawa, ba tsawo ba. Danne gaɓa ta 1 da ta 14, ka duba ta 7. In tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen kamar kaurin katin waya ce ko ƙasa, wuya lafiya yake, farin ƙashin ƙasa da tsirkiyoyi ke hawa kai za a goge. Don rage milimita 1 a gaɓa ta 12, milimita 2 ake cirewa daga gindinsa, a kan takardar yashi shimfiɗe bisa gilashi.