Na karanta labarin mutumin da ya rikiɗa ƙwaro, sai na ga gidanmu

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka karanta La Métamorphose na Franz Kafka ce. Ni tsohon kwafi na saya jaka guda kusa da Kasuwar Dole, don in gyara Faransancina kafin jarrabawa. Cikin dare ɗaya na gama shi, barci kuma bai zo ba.

Ga wanda bai sani ba: Gregor Samsa ɗan tallan yadi ne, kullum yana cikin jirgin ƙasa, shi ke ci da uwa da uba da ƙanwa, shi ke biyan bashin da uban ya ci. Wata safiya ya farka ya ga ya zama ƙaton ƙwaro. Abin da ya fara damunsa ba jikinsa ba ne, jirgin ƙarfe 5 ne da ya wuce shi.

Yayana ya yi shekara 7 yana aikin gini a Tamanrasat. Shi ya yi mana rufin kwano, shi ya aurar da ƙannenmu mata biyu, kuɗin lakwal ɗina ma daga aljihunsa ne. In ya kira waya, Inna har tsakar gida take fitowa don maƙwabta su ji. Bara ya faɗo daga bene, aka kawo shi ƙafafu ba sa motsi. Watan farko ɗakinsa ba masaka tsinke. Yanzu muna wata na 14. An mai da shi ɗakin da ke jikin zaure, wai ya fi iska. Shekaranjiya na shiga na tarar an jingine buhun hatsi biyu da tsohuwar tayar babur a kusurwa, na kuma tuna cewa tayar ni na ajiye ta. A littafin ma haka aka yi: ɗakin Gregor ya zama wurin jibge tarkace.

To ku gaya mini. Kafka yana nufin dama kuɗin ake so, ba mutumin ba? Ko kuwa halin Turawa ne kawai, ni ne na ɗora wa kaina?

Na Garin Malam:

Ɗan'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Amma rufe littafin nan. Mutanen da ke kai iyayensu gidan tsofaffi za su koya mana zumunci? A tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, mun yi L'Étranger na Camus, mutum an binne uwarsa bai zub da hawaye ba, washegari ya tafi wanka a teku da budurwa. Mu nan hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka fitar da tayar, shi ke nan.

Tsohon Mushe:

Ɗana na Garin Malam, da ka ƙarasa littafin Camus da ka ga kotun da ta yanke wa Meursault, mutumin nan da aka binne uwarsa, hukuncin kisa ta fi tsayawa kan rashin kukansa fiye da Balaraben da ya harbe. Ke nan su ma sun san a yi wa uwa kuka. Wannan maganar wata rana ce.

Ɗan Birni, shekara 30 na yi da alli a hannu, bari in nuna maka wurin da ɗalibai ke tsallakewa. Bayan rikiɗar, Gregor yana laɓe a bayan ƙofa ya ji uban yana buɗe akwatin kuɗi. Ashe da kasuwancinsa ya karye wani abu ya rage, ya ɓoye, har da rarar abin da Gregor ke kawowa. Yaron yana lissafin saura shekara 5 ko 6 ya gama biyan bashi ya bar aikin da ya tsana, alhali da an fito da kuɗin nan da wa'adin ya ragu. Me ya yi da ya ji? Murna ya yi, wai Baba ya yi dabara. Sannan duba abin da ya biyo baya: uban da ke wuni a kujera kamar ba ya iya tashi ya samu aikin masinja a banki har da kaki, uwar ta kama ɗinki, ƙanwar ta shiga tsaron shago. Dama suna iyawa.

Saboda haka ni ban karanta shi a matsayin "suna sonsa, sai suka daina" ba. Tun yana mutum ya zama baƙo a gidan. Kafka ya faɗa a fili cewa sun saba da kuɗin, yana bayarwa da daɗin rai, suna karɓa da godiya, amma ɗumin da ke tsakani ya tafi. Ko a gida ƙofarsa a kulle yake kwana, al'adar da ya ɗauko daga masaukan tafiya. Tambayi kanka: a shekara 7 ɗin nan, sau nawa kuka yi waya da Yayanka ba a ambaci aike ba?

Mu ma muna da rikiɗa a tatsuniya da hirar dare, mutum ya zama kura, aljana ta zama budurwa. Amma tamu tana da dalili, tana da makari, a ƙarshe asiri ya tonu. A nan ba wanda ya yi masa sammu, ba laifin da ya yi, ba boka. Akwai asibiti a tsallaken titi, yana hangensa ta taga, ba a taɓa kai shi ba. Kafka ma'aikacin inshorar haɗarin aiki ne a Prag, ma'aikatan da inji ya cinye wa yatsu su ne cikin takardun teburinsa. Ya rubuta labarin a 1912, aka buga a 1915, ya kuma roƙi mai bugawa kada a zana ƙwaron a bango. Ina ganin ya san kowane gida zai zana nasa.

Abin da ya fi ci mini rai: Gregor yana jin duk abin da suke faɗa. Su ne suka ɗauka tunda ba su gane maganarsa, shi ma ba ya gane tasu.

Maman Biyu, Zango:

Mushe, a gafarce ni, amma duk kun bar Grete, ƙanwar Gregor, a baya. Shekararta 17. Ita ta kai masa madara da burodi, ta ga bai sha ba, ta shimfiɗa tsohuwar jarida ta jera abinci iri-iri don ta gane wanda yake so yanzu. Ita ke share ɗakin. Uban fa? Tuffa ya jefe shi da ita, ta nutse a bayansa ta ruɓe a can. Amma wanda ya karanta, Grete yake tsinewa, don ita ce ta buɗe baki ta ce a rabu da shi.

Na yi jinyar uwar mijina shekara 4. Wanka, juyi, wankin zane da asuba kafin yara su tashi. 'Ya'yanta maza sukan leƙo bayan Juma'a su ce "sannu Hajiya", su ajiye lemo su fita, a ce masu zumunci. Wata rana ina shanya na ji zuciyata ta ce, yaushe wannan zai ƙare? Na yi istigfari har na gaji. Ina sonta, kuma na yi tunanin. Duka biyun gaskiya ne.

Rikiɗa biyu ce a littafin. Shi yana ƙanƙancewa, ita tana girma, har a shafin ƙarshe iyayen suka dube ta a cikin taragu suka ga ta isa aure. Ni wurin nan tsoro ya ba ni, don na ga wadda za a ɗora wa kayan gaba.

Ƙanena, wa ke yi wa Yayanka wanka? In matarsa ce, yaushe rabon da ta je gidansu ta wuni?

Ɗan Birni:

Na gode muku duka. Anti, matarsa ce, kuma ban san amsar tambayarki ta biyu ba. Kunya ta kama ni.

Mushe, maganar ji ɗin nan ta tsaya mini. A tsakar gida muke lissafin kuɗin magani da ƙarfi, tagarsa a buɗe.

Jiya bayan isha na fitar da tayar. Buhunan sun fi ƙarfina ni kaɗai, suna nan. Na kai butar shayi ɗakinsa maimakon fada, na ce ya ba ni labarin Tamanrasat. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wani abu ake bukata?" Na ce a'a. Sai a kofi na biyu ya fara magana, wai akwai wani dutse da yake hange daga saman ginin da suke yi, kullum yana cewa ranar hutu zai je, bai taɓa zuwa ba. Ya tambaye ni littafin me nake yawo da shi a aljihu. Na ce na Faransanci ne, na jarrabawa.