Collision detection: me za mu kira shi da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu haɗa wasannin kwamfuta, ina neman ra'ayinku. Na gina zaure a Blender, manhajar zana siffofin 3D, da bango da ƙofa da dakali, na fitar da shi a tsarin fayil na glTF, na shigo da shi Godot, injin da nake haɗa wasa da shi. Ɗan wasana, wato mutumin da nake sarrafawa a cikin wasan, ya nufi bangon, sai kawai ya ratsa ya wuce kamar hayaƙi. Ƙanena yana gefena, ya ce, "Yaya, me ya sa bangon bai tare shi ba?" Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai na ga Turanci kaɗai ke zuwa.

2/ Amsar ita ce, abin da ido ke gani daban, abin da injin wasa ke taɓawa daban. Siffar da ka shigo da ita zane ne kawai. Sai ka lulluɓe ta da wata siffa ta biyu wadda ba a gani, da ita injin ke gane cewa abu biyu sun haɗu. Kalma biyu ke nan muke buƙata: ta aikin gano haɗuwar, wato collision detection, da ta wannan lulluɓin.

3/ A kan aikin, na fara ajiye "haɗari", don yana ɗauke da ɓarna, alhali ƙafar ɗan wasa da ke tsaye a ƙasa ma collision ce. "Taho-mu-gama" kuwa sai duka biyun suna tafiya. Na tsaya a kan "gano cin karo". Dalili? Mota tana cin karo da bishiya, kuma mutum yana cin karo da abokinsa a kasuwa ba tare da kowa ya ji ciwo ba. Kalmar ta ɗauki mai ƙarfi da mai taushi. Na sa "cin" ne don kada a rikita shi da karo na farko, karo na biyu.

4/ Lulluɓin ne ya fi ba ni aiki. Sulke kariya yake nufi, ba ita ce manufar ba. Kube ya yi kusa, amma wuƙa kaɗai yake tuna wa mutum. Ni dai "kwanso" ya kwanta mini. Ku duba kwanson gyaɗa: yana bin abin da ke cikinsa, amma ba ya bin kowane lanƙwasa. Haka ake so. Ɗan wasa mai yatsu da hula da babbar riga, kwansonsa siffar kafso ce kawai. Buhun hatsi, akwati ya ishe shi.

5/ Kwanso iri biyu ne. Convex na ce "marar lungu", concave kuma "mai lungu". A zauren nan na fahimci bambancin. Na ƙara -convcol a ƙarshen sunan ginin a Blender, Godot ya yi masa kwanso marar lungu. Bango ya tare ɗan wasa, to amma ƙofar ma ta toshe, ana ganinta a buɗe, ba a iya shiga. Kamar ka ɗaure fata a bakin turmi ne, ramin yana nan amma taɓarya ba ta isa gare shi. Da na mayar da shi -col, Godot ya yi kwanso mai lungu, ya bi ƙananan alwatikan da suka haɗa siffar ginin ɗaya bayan ɗaya, ƙofa ta buɗe.

Sai dai mai lungu na abin da ba ya motsi ne, kamar gini da ƙasa. Abin da zai faɗi ko ya gangara, a ba shi marar lungu, ko a haɗa masa ƙanana da yawa. A Unity ma, wani injin wasa, marar lungu ba ya wuce alwatika 255.

6/ Saura guda ban yanke ba: tunneling. Godot yana lissafin motsi sau 60 a daƙiƙa. Kibiya mai gudun mita 60 a daƙiƙa tana tsallake mita guda a kowane lissafi, don haka siririn bango yana iya faɗawa tsakanin lissafi biyu, ta wuce ba a gano komai ba. Ina tsakanin "ratse" da "tsallake". 'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram, wanne ya fi zama a kunnenku, kuma kwanso haka kuke kiransa a wajenku?